Furojet Ɗina a Kabet ɗin Amarya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je har Doguwa karɓo kyautar da aka riga aka yi mini guɗa a kanta ba. Kowa ya daɗe da yafe mini, sai dai har yau ba wanda ya daina ba da labarin.

Ina koyarwa a wata firamare a Ƙofa, ina kuma ƙaro karatu a ƙarshen mako. Da shekarar rubuta furojet ta zo, sai na ce ni ma lokaci ya yi da zan mallaki laftof, in huta da bin layi a shagunan buga takardu. Na kwashi adashina na shiga Kano, na nufi wani shagon kwamfuta. Mai shagon ya jera mini guda biyu a kan kanta.

"Hajiya, wannan memorinta na ciki babba ne, duk abin da kika zuba yana cikinta, inda ta je nan ya je. Wannan kuwa cikinta ƙarami ne, ta fi sauƙin kuɗi, sai ki haɗa da estanal ki riƙa ajiya a waje."

Ya ɗauko estanal ɗin, wani ɗan abu baƙi da bai wuce tafin hannu ba, cikin kwali mai sheƙi da rubutun ruwan zinare. Ni fa a nan aka gama da ni. (Ku yi mini uzuri, ni ce matar da har yau ba ta cire ledar kujerun aurenta ba.) Na zaɓi mai ƙaramin ciki, na haɗa da estanal, abin da ya rage na yanki leshi da shi, na dawo gida ina jin ba wanda ya kai ni iya ciniki.

Ba a jima ba cikin laftof ɗin ya cika taf da hotunan yara da karatuttuka da wasannin da ban san wanda ya zuba ba. Sai na yi dabara irin tawa: na kwashe furojet ɗin gaba ɗaya na mayar estanal, na goge na ciki don a samu wuri. Kullum in na gama aiki sai in mayar da estanal ɗin kwalinsa, in rufe, in sa a leda kamar yau na sayo shi.

Malamin da ke duba aikinmu ya ce a kawo bugagge mako mai zuwa, wanda bai kawo ba sai baɗi. A makon ne kuma ake bikin Bilki, 'yar kawuna, a Yako. Na ce tsuntsu biyu da dutse ɗaya: in je wuni, daga can in wuce Tudun Wada a buga mini. Na riƙo leda biyu, ɗaya fulas ɗin gudummawa, ɗaya estanal.

Ina shiga gidan biki Goggo Asabe, ƙanwar babanmu, mai karɓar gudummawa, ta tare ni tun daga bakin zaure.

"Maraba da malamai! Kawo, kawo, kada ki gaji."

Kafin in buɗe baki ta zare ledojin duka biyun. Ta tsaya tsakar gida ta ɗaga fulas, aka ce madalla. Ta zaro kwalin, ta juya shi, ya ɗauki hasken rana.

"Jama'a ku gani! Malama ba ta tsaya a fulas ba, har da na'ura ta zamani ta kawo wa ƙanwarta!"

Guɗa ta kaure. Wata ta ce ai ilimi daban ne, wata ta ce 'ya'yan yanzu su koyi zumunci a wajena. To a nan ne ya kamata in ce, "Goggo, wannan nawa ne." Kalma huɗu kacal. Amma yabo da daɗi, jama'a. Na sunkuyar da kai ina murmushi, har da cewa, "Ai ba komai, Bilki ta wuce haka." A raina na ce in an natsa sai in lallaɓa in ɗauke abina. Na zauna na ci tuwon shinkafa na sha hira, ban san motar 'yan jere ta kwashi kayan gudummawa ta kama hanyar Doguwa ba, can gidan mijin.

Da na ji, sai na ɗora hannu a ka. Wahalar shekara guda, babi-babi, babu kwafinta ko'ina a duniya sai cikin kayan amarya.

Bayan an kai amarya na kira Bilki. Ta yi ta dariya har da tari, sannan ta ce, "Yaya, wallahi ba zan iya taɓa shi ba. 'Yan jere sun sa shi a kabet, dangin miji duk sun gani. In ya ɓace za a ce an yi mini sata a gidansu. Sai dai ki zo da kanki ki yi wa surukata Hajiya bayani."

Haka na hau ƙaramar bas zuwa Tudun Wada, na canja wata, muka ratsa dajin Falgore ina ta shirya jawabi a zuci. Na tsara shi tsaf, har da gabatarwa. Fatana kawai in tarar da gidan ba kowa.

Ina! Ɗakin cike yake da mata 'yan ganin ɗaki. Na durƙusa na gaida Hajiya, uwar mijin Bilki, dattijuwa mai fara'a da carbi a hannu. Ina ɗaga ido na hango shi: can saman kabet, tsakiyar kwanukan tangaran, an ɗora masa furen roba a ka. Furojet ɗina bai taɓa samun daraja irin ta ranar ba.

"Au, ke ce Malamar?" in ji Hajiya. "Ku ga mai na'urar nan da nake ba ku labari! Allah ya yi miki albarka, 'yata. Duk wanda ya shigo sai na nuna masa."

Jawabina ya gudu ya bar ni. Bilki ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Na share gumi na ce, "Hajiya, dama... dama shi na zo ɗauka."

Wata tsohuwa daga bakin gado ta ce, "Ikon Allah. Kyautar ta aro ce?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige, in ja ta in rufe. Na shiga bayani, cewa karatuna ne a ciki, cewa Goggo ce ta zare ledar, cewa kuskure ne. Hajiya ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta yi tambayar da nake tsoro.

"To da ake guɗar, ina kike?"

"Ina wajen, Hajiya."

"Kika ce me?"

"Na ce ba komai."

Dariyar da aka yi a ɗakin nan, ina jin har maƙwabta sai da suka leƙo. Ni ma da na ga ba mafita sai na shiga cikinsu. Hajiya ta share hawaye da bakin mayafi, ta miƙe da kanta ta sauko da kwalin, ta buɗe, ta zaro ɗan baƙin abin tana jujjuya shi.

"Dama duk hayaniyar a kan wannan ne? Ungo abinki, 'yata, je ki kai wa malaminku. Amma kwalin ki bar mana, kada gurbin ya zauna fayau."

Aka mayar da kwali, aka mayar masa da furensa. Aka cika ni da dambun nama da alkaki, na kamo hanya. Na buga aikina, na kai a kan lokaci, na kuma ci. A ranar na share tarkacen cikin laftof na mayar da kwafi ciki, wani kuma na tura wayata. Ni da Hajiya yanzu sai zumunci, in na kira Bilki ta miƙa mata waya, gaisuwarta ta farko ita ce, "Malama, ba abin da kika manta a wajenmu?"

Darasin da na koya ba mai tsada ba ne. Estanal ba shi da laifi, har gobe ina amfani da shi. Amma duk abin da in ya ɓace za ka yi kuka, kada ka ajiye shi wuri ɗaya tak, balle a abin da Goggo Asabe za ta iya ɗagawa da hannu ɗaya. In kuma aka rangaɗa maka guɗar da ba taka ba, ka yi magana tun motar jere ba ta tashi ba.