Yadda Za Ka Yi Turancin da Ko Bature Ba Ya Ji

Bi matakan nan sau da ƙafa, na yi maka alkawari kafin shayinka ya huce kowa a unguwarku zai daina yi maka musu. A wurin Ghoshal-babu na koyo su, tsohon akawun jirgin ƙasa, maƙwabcina a Kalkata, wanda ba a taɓa ƙure shi a bencin mai shayi ba. A can "babu" laƙabin girmamawa ne, kamar "malam". Buri ɗaya ya rage masa a duniya: jikarsa Tuli, haifaffiyar Ingila, za ta zo karon farko, yana so ta zauna su yi hira.

Mataki na 1: Nemi kalmar da ta mutu

Kada ka taɓa kalma mai rai. Tana da dangi, za su gyara maka. Ghoshal-babu a bakin wani tsohon shugabansa ya tsinci nasa: balderdash, poppycock, tommyrot. Dukansu shirme suke nufi. Mutum mai daraja ba ya zama da kalmar shirme guda ɗaya.

Mataki na 2: Harba, kada ka fassara

Wani ya zagi ƙungiyar ƙwallonka? Ajiye kofi, gyara tabarau, ka ce, "Tommyrot!"

Bablu direban tasi ya taɓa tambaya, "Ghoshal-babu, wai Tomin nan ɗan wace unguwa ne?"

"Ba sa'anka ba ne," in ji Ghoshal-babu. Magana ta ƙare.

Mataki na 3: Kada ka gwada a gida

Ranar da ya jefa wa matarsa Protima poppycock, ko waiwayowa ba ta yi ba. Ta ce, "Kana ji? In ka gama tari, tashi ka sayo kifi." Mace ta san ka tun ba ka da tabarau.

Mataki na 4: Guji masu harshen

In kuwa jikarka ce, sai haƙuri. Da Tuli ta iso, Ghoshal-babu ya saka kwat cikin zafin nan mai narkar da kwalta, ya ja ta da uwarta har benci don jama'a su shaida. Ya gyara murya ya kira ta da sunan da kakanni ke kiran jika a can, ya ce, "Didibhai, zo mu yi chinwag." Hira yake nufi.

Yarinya ta zura masa ido. Ya ƙara mata balderdash, ko za ta saki jiki. Ta ja hannun uwarta, ta yi tambaya da Turanci mai sauƙin da har Bablu ya gane: "Mama, Dadu ba shi da lafiya ne?" Dadu, wato kakanta.

Shayi ya sarƙe Bablu. Benci ya kwashe da dariya. Ghoshal-babu ya ji kunya, amma tsoro ya fi kunyar yawa: yarinyar nan za ta koma ba su ce wa juna komai ba.

Mataki na 5: In asiri ya tonu, rufe bakinka

Ya koma gida, ya cire kwat, ya zauna a baranda ya yi tagumi. Can sai ga Tuli ta zauna kusa da shi. Da Bangalanci mai tuntuɓe ta ce, "Dadu, yi mini yarenmu. Saboda kai na koya."

Ya lalubi Turanci, ko ɗaya babu. Da ƙyar ya ce da Bangalanci, "Kin ci abinci?"

"Na ci. Kifin Dida ƙaya ta yi yawa." Kakarta Protima take nufi.

"Zo in nuna miki yadda ake cirewa."

Protima ta kira su har ta gaji, shinkafa ta huce.

Gargaɗi

Wanda ya bi jagoran nan ya rasa kujerarsa a benci, babu ruwana. Wanda kuma wata 'yar ƙanƙanuwa ta sa shi hawaye a gaban matarsa da harshen uwarsa, kada ya neme ni. Ni Turanci kaɗai na ce zan koya masa.