Yadda Za Ka Zaɓi Mitar Keken Da Za Ta Rufa Maka Asiri

Kai mai tumbi, da kai nake. Likita ya ce jininka ya hau, ya ce ka rage gishiri ka riƙa motsa jiki. 'Ya'yanka sun sa ka a gaba sun saya maka keke, har sun ɗaura masa 'yar mitar nan mai ji-fi-es, wadda ke faɗin inda ka bi da nisan da ka ci. To, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan daki-daki, na ba ka tabbaci ko ɗigon gumi ba za ka zubar ba, kuma gida da waje za a riƙa nuna ka da baki ana cewa ga namijin duniya. Ba da ka na ƙirƙiro ba. Alhaji Ɗalha na Gwammaja, dillalin rinanniyar shadda a Ƙofar Mata, shi ya share hanyar, kuma har yau ba a yi wanda ya kamo ƙafarsa ba.

Mataki na ɗaya: Gane maƙiyarka

Mita mai kyau annamimiya ce, ka san wannan tun wuri. Ga alamunta: batirinta ya wuni bai mutu ba, allonta ana karanta shi ko rana na tsaka, ruwan sama ba ya shigar ta, ramin titi ba ya kakkaɓo ta daga kan keke. Mafi muni, ko a lungun da jaki ke shiga da baya, ta san inda kake. In ka ga mai irin wannan hali, nemi tsari.

Irinta Rukayya ta saya wa ubanta. Rukayya nas ce, ita ce babbar 'yar Alhaji, sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa yake ce mata Uwata. An ba ta babban aiki a Dutse ta ƙi tafiya, don ta san in ta juya baya jinin nan kayar da shi zai yi. Sai da ta yi tambaya wajen masu tseren keke kafin ta zaɓo, ta kuma haɗa mitar da wayarsa yadda duk inda ya taka za ta gani a tata.

Ranar farko ya dawo yana haki na ƙarya, ya zube a tabarma. Ta dubi waya, ta dube shi.

"Baba, daga ƙofar gida ka tashi, ka tsaya wajen Kande mai masa a Zaitawa. Har aka kira azahar kana nan."

"Gaisuwa na tsaya, Uwata. Ɗan birni zai wuce manya a kan keke kamar marar tarbiyya? Dole in sauka in gaishe su."

"Kanden ce manya?"

Ka ji irin cin mutuncin da kaya mai inganci ke jawowa.

Mataki na biyu: Kashe ta, amma kada a ga jini a hannunka

Kada ka ce ba ka so, rigima ce. Bari ƙaddara ta yi aikinta, kai dai ka ɗan tura ta.

Alhaji ya bar mitar a rana, ta ƙi mutuwa. Ya manta da ita a tsakar gida ana tafka ruwa, gari ya waye tana kallon sa. Ya je karofi duba shadda, ta suɓuce daga hannunsa, wai, ta faɗa rijiyar baba. Wani marini mai shisshigi ya sa sanda ya lalubo ta, ta fito shuɗiya, tana aiki abinta. "Allah ya yi albarka," in ji Alhaji, haƙora a cije. Sai da tayar wata a-daidaita-sahu ta taimaka aka rabu lafiya.

Daga nan sai ka shiga gida da fuskar ta'aziyya, ka riga kowa magana: "Kada ki wahalar da kanki, Uwata. Ni na yi sakaci, ni zan sayo wata."

Mataki na uku: Nemi mai kayan da ba ya haɗa ido da kai

Guji shago mai gilashi, inda ake ba da garanti ana cewa in ta ba da matsala ka dawo da ita. Mutanen nan ba su da sirri. Teburin bakin titi za ka nufa, inda ake sayar da caja da tocila da maganin ɓera wuri guda. Nan wani mai tebur, Isyaku, yake, kuma nan Alhaji ya dace.

Duba kwalin. In babu sunan kamfani, madalla. In akwai suna amma ba wanda ya taɓa jin sa, ya fi. Girgiza ta kusa da kunne, ka ji ko wani abu na kwaramniya a ciki. Danna maɓalli, in sai ka haɗa da farce da addu'a kafin ta kawo wuta, ka kusa. Abu biyu kawai za ka tsaya a kai: ta yi kama da marigayiya a ido, kuma ta iya aika labari zuwa waya.

"Wannan tana kama tauraron ɗan'adam kuwa?" Alhaji ya tambaya.

"Ranka ya daɗe, har wanda ba a harba ba tana kamawa."

Ya kunna. Yana tsaye cak a gaban tebur, ko yatsa bai motsa ba, allo ya nuna yana sheƙa gudun da ya fi na babur. Daɗi ya kashe Alhaji.

"In ta lalace fa?"

"Alhaji, in ka bar wurin nan ba mu san juna ba."

Wannan shi ne ɗan kasuwa na gari. Ko ciniki kada ka yi.

Mataki na huɗu: Bar lungu ya yi maka aikin

Allah ya yi wa cikin birni baiwa. Katangu dogaye, rufin kwano ya sumbaci na maƙwabci, sama kanta sai ka ɗaga kai sosai kafin ka ga tsaginta. Mita ta kirki takan daure ta riƙe hanya. Ta Isyaku kuwa, da ta shiga lungu sai ta haukace. Yanzu ta ce kana Gwammaja, an jima ta wurga ka bayan ganuwa, ta dawo da kai, ta sake cilla ka hanyar Katsina, kuma duk tsallen nan tana lissafa shi a matsayin tafiyar ƙafarka.

Kada zuciyarka ta dame ka. Tun da soja suka koma bariki muka koyi darasi: ba aiki ake dubawa ba, allo ake dubawa. Unguwa nawa ka sani da ke da rijiyar burtsatse a jikin allon sanarwa, mata na sayen ruwa a gindinsa? Kai kaɗai ne za ka ce sai ka yi abin da aka rubuta ka yi?

Mataki na biyar: Amsa tambaya da faɗa

Za a yi tambaya, musamman in ka yi kuskuren sa 'yarka a makaranta.

"Baba, ya aka yi layin nan ya ratsa ta tsakiyar Dutsen Dala?"

"Ke aka haifa a garin nan ko ni? Akwai hanyoyin da ko kakarki ba ta sani ba."

"To ga shi jiya har kusa da Bichi ka je, amma tumbin yana nan."

"Na gado ne. Ki je ki tambayi dangin ubana."

Ta auna jininsa ta ga bai sauka ba, ta ajiye abin awon. Ta san jiki ba ya gyaruwa rana ɗaya. Kuma ga sirrin da babu shi a kwalin kowace mita: mai ƙaunarka so yake ya yarda da kai. Ta gaji da zama 'yar sanda a gidan ubanta, ta ƙosa ta ga ranar da za ta ce Baba ya ji magana. Kai dai ba ta ɗan abin riƙewa, ita za ta ƙarasa maka ƙaryar da kanta.

Mataki na shida: Samu maɓoya

Mita ta rufa maka asiri, saura bakin mutane. A birni in ka yi atishawa a Zaitawa, daga Gwammaja ake ce maka yarhamukallahu. Ba zai yiwu allo na cewa kana Bichi ba, maƙwabta na ganin ka a benci kana suɗe yatsa.

Alhaji ya tuna da kangon gidan kawunsa a can ƙuryar wani lungu, magada na shari'a a kai, ba mai shiga. Zauren bai rushe ba, ga sanyi. Kullum da hantsi sai ya karɓi kwanon masa wajen Kande, a malale da man shanu da yaji, wani lokacin har da romon kai. Ya tura keke ciki, ya sakaya ƙyaure, ya sa waya a shiru don kada ƙararta ta tona shi. Ya ci ya yi nak, ya miƙe a buzu. Kafin azahar ya farka, ya yayyafa ruwa a wuyan riga, ya mayar wa Kande kwanonta, ya koma gida yana ɗingishi.

Lura da kyau: kada kowa ya san wurin. Ko matarka. Musamman matarka.

Mataki na bakwai: Ci ribarka

Ba a jima ba labari ya zaga. A majalisa ana ta "Alhaji na Bichi! Ƙarfe ci ƙarfe!" shi kuwa yana shafa gemu yana cewa ai sa kai ne. Uwargida Hajiya Asibi ta ce mutumin da ke irin wannan wahala ba a ba shi miya lami, gishiri da dunƙule suka koma tukunya.

Rukayya ta zo ta durƙusa gabansa, idonta da ƙwalla. "Baba, wallahi ka faranta min. Yanzu hankalina ya kwanta, zan karɓi aikin Dutsen. Ga magani na bar wa Hajiya, don Allah kada ka tsallake."

"Je ki, Uwata, Allah ya yi miki albarka."

Motarta ba ta kai Wudil ba ya tura maganin bayan akwati. Mai zuwa Bichi a keke, me zai yi da ƙwaya? Ka ga alamar gwaninta ke nan: ƙaryar ta nuna har mai ita ya fara ci.

Mataki na takwas: Dogara da mitarka har ƙarshe

Wata Laraba ya gama da masa, ya yunƙura zai tashi, hannun dama ya ƙi. Ƙafa ta ƙi. Ya buɗe baki zai yi kira, harshe ya zama kamar tsumma. Ya kife a gefen buzu, yana kallon wayarsa tana haske tana ɗaukewa, ba sauti, ba halin miƙa hannu. A karo na farko a rayuwarsa Alhaji Ɗalha ya so a san inda yake.

Azahar ta wuce bai dawo ba, Hajiya ta kira Dutse a rikice. Rukayya ta duba waya.

"Hajiya, ga shi nan a hanyar Bichi, ɗigon da ke nuna shi a waya ba ya motsi. Ko mota ce ta buge shi? Innalillahi! Ga ni nan."

Ta ratsa Kano ba ta tsaya ba. Ta wuce ta bakin unguwarsu, tsakaninta da ubanta bai fi tafiyar ɗan aike ba, ta miƙe hanyar Katsina tana kuka. Samarin unguwa suka bi ta a babura. Suka leƙa kwalbatoci, suka shiga gonakin dawa, suka tare masu tallan rake suna tambayar ko an ga dattijo mai jiki da keke. Da sun isa inda ɗigon yake, sai ya yi tsalle ya koma gaba, su kuma su bi. Kai, Isyaku ya iya zaɓen kaya!

Ana gab da magariba Kande ta gaji da jiran kwanonta. Ta daɗe da lura da lungun da yake shiga, ta dai kama bakinta ne don kada ta rasa mai saye. Ta tura ƙyaure tana mita, ta ga abin da ta gani, ta kurma ihu.

Likita bai yi dogon bayani ba. Ya ce irin wannan ciwo da lokaci ake tsere, da an kawo shi da rana da an ceto abu mai yawa. Rai dai ya tsaya. Ɓarin dama ya tafi.

Rukayya ta ajiye aikin Dutse ta dawo gida. Ba ta yi masa faɗa ba, ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi duka ciwo. Kullum da safe takan sa kafaɗarta a hammatarsa ta ɗaga shi, su ja ƙafa tare, gumi na zuba masa kamar an kwara ruwa. Ranar da suka fara kaiwa bakin ƙofa ya tsaya yana haki, na gaske wannan karon, ya karkato baki da ƙyar.

"Uwata... na yi nisa?"

"Daga gado zuwa ƙofa, Baba," ta ce. "Wannan da idona na gani."

Sanarwa

Mai wannan bayani ba likita ba ne, ba bakanike ba ne, ko keke bai iya hawa ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya wayi gari ana ba shi koko a cokali, kada ya aiko a kira ni, kada kuma ya nemi Isyaku, don tun ranar ya ɗauke teburinsa. Na nuna maka siffar mai gaskiya, na nuna maka ta maƙaryaciya, da hannunka ka zaɓa. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.