Gyaran da Na Yi wa Sabulun Rabi

Sunayen jikokina ma sun fara ɓace mini, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na naɗa kaina malamin sabulu ba, ni da karatuna ya tsaya aji huɗu (shi ma don hedimasta na jin nauyin ubana ne).

Ɗiyata Rabi ma'aikaciyar lafiya ce a Tambuwal, tana kuma haɗa sabulun nan da ba a ɗora wa wuta. Soda a ruwa, man alayyadi, sai garin wani hatsin Turawa wai shi ots, mai sa fata laushi. A juya ya yi kauri kamar kunu, a zuba a akwati, a yanka, ya sha iska sati huɗu. Rannan ta auna komai a ɗan sikelinta, sai maƙwabciya ta kira ta.

"Baba, don Allah kar ka taɓa komai."

"Mi zan taɓa? Tafi abinki."

To ni shekara arba'in ina awon gero a kasuwa, ban taɓa sallamar mutum ba gyara ba. Na leƙa kwanon soda, na ga 'yar mitsitsiya, na ce wannan ai rowa ce. Na ƙara cokali uku, manya. Ban faɗa mata ba, don ba na son godiya.

Sati huɗu na cika, ga ɗaurin auren ɗiyar ƙanena a Kebbe, ni ne waliyyi. Tun Rabi ba ta gwada sabulun ba na ɗauke biyu. Na yi wanka da ɗaya, ɗayan na ba Alhaji Buba, wakilin ango, har da cewa ya yi wa Rabi talla.

Muna zama kan tabarma, liman ya buɗe da addu'a, bayana ya kama da wuta. Na daure kamar dattijo. Na sake daurewa. Sai na zura hannu cikin babbar riga. Ina ɗaga ido na ga Alhaji Buba yana goga baya da bangon masallaci kamar akuya.

Liman ya dakata. "Alhazai, in akwai magana cikin auren ga, ku fito da ita. Kun kasa zama."

"Ba aure ba na, Malam," in ji Buba, yana nuna ni, "sabulun ɗiyatai na!"

Nan na ga sana'ar Rabi za ta mutu a gaban mutanen gari biyu. Na miƙe, hannu ɗaya na susa, na ce, "Jama'a, yarinya ta auna daidai. Ni na yi wa soda gyara."

Har liman sai da ya rufe baki da rawani don dariya. An ɗaura aure dai, na bayar, Buba ya karɓa, kowannenmu na susar jikinsa.

Yanzu Rabi na kulle sodarta da kwaɗo, yara kuma na kirana Baba Mai Gyara. Ni ma na ƙaru: hannuna bai daina kyauta ba, amma yanzu sai na tambaya ko abin na dahuwa ne.