Kusar Sulo a Cikin Furar Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je gaida iyayen Balki, yarinyar da nake nema, a Fakku, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta. Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, motocin Tambuwal kuwa ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ɗaya ta kawuna ce, mai fataucin gero, ni ne kuma direbanta (makanikenta ma ni ne, a ganina).

Aibinta ɗaya: da an ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu, in ta mutu kuwa sai an tura. Kusar sulo ce ta cinye, wato 'yar kusar jikin kafireto wadda ke riƙe wutar inji in mota tana tsaye. Na sayo sabuwa daga Sakkwato na sa da hannuna. Don kada ta kunyata ni gaban surukai, na yi ta murɗawa har sai da ta ƙi motsi. Da muka tashe ta ni da Kawu za mu tafi, sai inji ya kama ruri.

"Kai, mi as same ta take wanga kuka?" in ji Kawu.

"Lafiya ce ta yi mata yawa, Kawu."

Muka shiga Fakku tana ruri. Shanun da ke bakin rijiya suka watse, kaji suka haye danni. Na tsaya daf da inuwar da Malam Buba, mahaifin Balki, yake zaune da dattawa, ga ƙwaryar fura an ajiye. Kashe mota ba zai yiwu ba, wa zan ce ya tura ni? Kawu ya yi sallama, ba wanda ya ji. Sai bakuna ke motsi.

Na fito sanye da babbar rigata, na ɗaga bonet, na zaro sukuddireba. Can na hango Balki tana leƙe ta kafar zana. Shi ke nan, na gyara tsayuwa, ina sassauta kusa ina kallon zana, wai ta ga ko ido rufe na san aikina. Kuka ya ragu, dattawa suka ce madalla. Yabon ya yi mini daɗi, na ci gaba da murɗawa.

Sai fit! Kusa ta yi tsalle, mota ta yi tari ta mutu. Da idona na ga inda ta faɗa: tsakiyar fura. (Namiji na gari zai yi magana. Ni kuwa sai na shiga duba ƙarƙashin taya.)

Malam Buba ya yi bisimilla, ya kai ludayi baki. A na uku ya tsaya, ya tauna, ya yamutsa fuska. Ya sa yatsu ya zaro ta, ya ɗaga sama kowa ya gani.

"Ikon Allah! Yau da ƙashi aka dama furag ga?"

Ya tsotse ta tas, ya miƙo mini. "Amshi, ɗana. Ga alama taka ce."

Dariyar da ta tashi bayan zana ta fi ta dattawa ciwo. Na mayar da kusa, kuma dattawan nan su suka tura mu, Malam Buba na tsakiya, Kawu ya rufe fuska da hula.

Sun ba ni Balki duk da haka. Ni dai na koyi cewa ido da hannu wuri ɗaya suke aiki, kuma in za ka yi gwaninta, ka yi ta nesa da abincin surukinka.