Yadda Ake Zaɓen Wuƙar Zuwa Ruga, Bisa Tafarkin Seabelo

Kai ɗan birni mai shirin kwanan daji, matso kusa. Bi matakan nan sau da ƙafa, ni kuma na ɗaukar maka alkawari: daga garin Molepolole har ƙuryar hamadar Kgalagadi babu rugar da ba za a san sunanka ba. An gwada su a kan Seabelo, ma'aikacin ofis a birnin Gaborone, kuma har yau dattawa ba sa tashi daga hira ba su ambace shi ba.

Ga yadda ta faro. Fari ya cinye shanun mahaifinsa, sai saniya guda a rugar Baffa Gaolatlhe. Mahaifin nasa ya rasu, saniyar ta haifi jar maraƙa, sannan uwar ita ma ta bi mai ita. Sai Baffa ya bugo waya: "Ranar Asabar ka zo ka yi mata alamar gidanku a kunne, da hannunka, da wuƙarka. Ita ce kaɗai abin da ubanka ya bari mai numfashi."

1. Ƙi wadda aka ba ka a gida.

Tsohuwarka za ta buɗe gwangwanin ajiyarta ta fito da wuƙar marigayi: ƙotar itace duk ta yi baƙi, baki ɗaya tak, wasawa ta cinye shi ya koma siriri. Kada ka taɓa. Mutum mai katin shiga ofis ya riƙe wannan?

"Shekara talatin da ita yake yanka kunnen shanunku," in ji Mma Seabelo, wato mahaifiyar Seabelo.

"Haba Inna, wannan ai ta feraye kankana ce. Zamani ya wuce nan."

"To, Allah ya ba zamani sa'a." Ta mayar da ita cikin gwangwanin.

2. A kanti, ƙirga bakuna.

Ilimin wuƙa duk a nan yake. Marasa sani suna duba ƙarfe, suna tambaya ko bakin yana kullewa in an buɗe shi. Kai ka tambayi abu ɗaya: bakinta nawa? Ta Seabelo ashirin da bakwai gare ta. Akwai zarto, almakashi, cokali, tocila, mabuɗin kwalba, tsinken sakace, da wata ƙugiya da mai kantin ma ya rantse bai san aikinta ba.

"Yallaɓai, daji za ka ko yaƙi?" in ji mai kantin.

"Ruga."

"Ruga? To da ka ɗauki waccan mai baki ɗ..."

"Naɗe min wannan."

In mai kaya ya nuna maka mai araha, rena ka ya yi.

3. Kada ka wasa ta.

Dutse yana goge ƙyalli, kai kuwa ƙyallin ka saya. In kana son gwaji, yanka takarda a ofis a gaban abokan aiki. Seabelo ya yi haka har sau uku, aka tafa masa.

4. Rataya ta inda makaho ma zai ji ƙararta.

Ya isa rugar da hantsi, wuƙa na lilo a ƙugu, nauyinta ya karkatar da wandon gefe guda. Kafin ya gaida kowa sai da ya kafa tanti. Baffa na zaune a gindin ƙaya tare da maƙwabcinsa, tsoho Onkutlwile, wanda shanunsu ke shan ruwa a rijiya ɗaya tun kafin a haifi Seabelo. Suna yankar busasshen nama da 'yan wuƙaƙensu marasa suna.

"Gaolatlhe, ɗanka makaniki ne?" in ji Onkutlwile.

"A'a, wuƙa ce wai."

"Ikon Allah. Tana kama rediyo?"

Kada ka kula su, hassada ce. Haka kuma in Baffa ya fara yi maka bayanin alama, gyaɗa kai kawai. Ya ce ta gidanku tsaga bakin kunnen hagu ake yi gida biyu, ta gidan Onkutlwile kuwa datse bakin kunnen hagun ake yi gaba ɗaya. Ya ce shanun da ke cuɗanya a rijiya ɗaya, kunne ne ke raba gardamarsu. Seabelo ya ji rabi, yana goge wuƙa da gefen riga.

5. Buɗe komai, ban da kaifin.

Dattawan biyu suka kayar da maraƙar. Baffa ya danne wuya, Onkutlwile ya riƙe ƙafafu, ƙura ta tashi. Seabelo ya durƙusa, ya ƙura mata ido, don goshinta sak na uwarta, wadda babansa ke kira da suna ta taho. Ya sa farce ya ja, cokali ya fito. Ya sake ja, almakashi. Ya sake, tocila ta kunnu da rana tsaka.

"Kai, Seabelo! Tuwo za ka ba ta? Bayana zai karye!"

"Ga shi nan, Baffa, yana ciki."

"Karɓi tawa mana!"

Nan ne wurin jarrabawa. Kada ka karɓa. Namiji ba ya aron wuƙa a gaban maƙwabci.

6. Yanka da ƙarfi.

Da ya samo bakin, sai ya ƙi shiga. Kunnen maraƙa ba takardar ofis ba ne. Ya goga, ya goga, maraƙa na ihu. Ya danna da iya ƙarfinsa, bakin da ba ya kullewa ya naɗo, ita kuma ta fizge kai. Abin da ya rage a hannun Seabelo shi ne bakin kunnen hagu, a datse tas.

Onkutlwile ya saki ƙafafun, ya karkaɗe gwiwa, ya leƙa kunnen, ya cire hula.

"Ɗana, na gode. Ko ni ban taɓa fitar da alamar gidanmu da kyau haka ba."

"Baba, kuskure ne! Baffa, gaya masa!"

Baffa bai ɗago ba. "Me zan gaya masa? In na ce taka ce, gobe kowa ya kama mai datsattsen kunne a rijiya ya ce kuskure ne. Na ce ka karɓi tawa."

Da yamma maraƙar ta bi garken Onkutlwile. Seabelo ya shiga tantinsa ya zuge, ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza.

7. Koma wajen tsohuwa.

Da Seabelo ya koma gida, ya tarar labari ya riga shi isowa. Ta buɗe gwangwanin ta miƙa masa. Yanzu kullum tana aljihunsa, yana wasa ta duk Asabar, har gashin hannu take askewa. Jar maraƙar ta zama saniya, haihuwarta uku a garken Onkutlwile. Duk damina tsohon yana aiko masa da galan na kindirmonta, da gaisuwa, da tambayar ko yana da lokaci, akwai wasu maruƙan na Gaolatlhe da ke jiran alama.

Hattara: Mai wannan shawara ba shi da hannu a duk abin da ya same ka, ko yatsanka, ko gādonka. Kai ka shiga kanti da ƙafarka. Mai ƙorafi ya je rijiya da hantsi ya tsaya kusa da Seabelo, za a nuna masa inda ake tsayawa a kalli saniyar daga nesa.