Injin da Ya Ƙi Shiga Bokiti

"…lafiya lau, 'yar kawu. Ya gajiyar ɗazu? Ya yara? Ya ƙurar alli?"

"Mayar da gaisuwarka aljihu, Tulu. Ba na so."

Haka taubashiyata ta faɗo mini shago da la'asar, ina tsugune a tsakiyar gawarwakin fankoki da sukundireba a baki. Malamar firamare ce. Tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba tare da an ci mutuncin juna ba, amma fushin yau na gaske ne, don har mayafinta huci yake. Fanka uku da suka shekara ba su motsa ba sai da suka juya.

Ga abin da ya jawo. Ta ƙirƙiro darasin koya wa yara yadda ake ba kwamfuta umarni, alhali makarantar ko wayar kwamfuta babu. Sai ta yayyanka kwali ta yi katuna: wannan "taka gaba", wannan "juya dama", wannan "tsaya". Yaro zai jera katunansa, a samu babban mutum ya zama inji, ya bi tayil ɗin daɓen aji ɗaya bayan ɗaya, abin da kati ya ce shi kaɗai zai yi, har ya kai ƙofa. A tsakiyar aji kuma ta dasa bokitin ruwan goge ƙasa, wai shi ne hatsarin hanya. Injin da ta ɗauka yau da safe, ni ne.

"Abu ɗaya na taɓa roƙonka a duniya," ta ce. "Ka zo ka zama abin da ba shi da ƙwaƙwalwa. Na duba dangi kaf, na ce wannan ko gwaji ba ya buƙata. Tun haihuwarka kake yawo da kai fanko, sai yau da nake neman fankon ka zo mini da hankali? A ina ka aro shi?"

"Nawa ne, gado na yi. Ta wajen uba, shi ya sa ba ki gane shi ba."

"Kati ya ce taka gaba, ka tsaya kana tambayar yaro, 'Ka tabbata?' Wane inji ne yake cewa ka tabbata?"

"Wayata. Kullum sai ta tambaye ni kafin ta goge hoto."

"Wayar taka tana cewa, 'Kai ɗan gidan wa ne, ba a koya maka ladabi ba?'"

"Yaron da bai fi tsawon kujerar nan ba ya dubi gemuna ya ce mini 'juya!' Ko 'don Allah' babu! Ni da injuna suke yi wa biyayya a unguwar nan!"

"Waɗanne? Fankar da ka gyara mini iska take zuƙewa daga ɗaki. Mu kwana muna gumi, bango yana shan sanyi."

"Sabon samfuri ne, ba kowa ya waye da shi ba."

Ta ja kujerar ta zauna ba tare da na ce bismillah ba, ta ture mini kwanon kusoshi da ƙafa.

"Kana tsakiyar aiki wayarka ta yi ƙara, ka ɗauka. Inji yana cinikin dutsen guga a gaban aji! Sannan ka hango shugabar makaranta a taga, ka bar layinka ka je kana gaishe ta, har da tambayar ko fankar ofishinta tana ƙara."

"To in wuce babbar mace ban gaishe ta ba? Wannan tarbiyyar gidanku ce, Farfesar Alli, ba ta gidanmu ba."

"Gidanmu ne ya ba ku uwa, mara kunya. Ka san abin da ta ce bayan ka tafi? Ta ce ita wasan kwaikwayo ta gani, ba darasi ba. Gobe da safe za ta shigo ta zauna da kanta. In ta sake ganin shirme, ta soke darasin, yara su koma kwafe rubutu daga allo, katunana kuma a hura wuta da su. Tun farkon zango nake bin matar nan kafin ta ba ni wannan lokacin, kai ka zo ka tattake shi da manyan ƙafafunka."

"Sai ki nemi wani injin. Ni na yi ritaya."

"Wane magidanci ne ba shi da aikin yi da safe in ba kai ba? Shagon nan ko ƙuda sai ya yi ɓatan hanya yake shigowa."

"Jiya layi har bakin titi!"

"Na masu neman ka dawo musu da kayansu."

Na cire sukundireba daga hannun dama zuwa hagu, don in na fusata da dama nake nuni.

"Duk wannan na yafe," ta ce. "Amma na ƙarshen fa? Katuna sun kai ka bakin bokiti, saura ka taka, sai ka yi wani tsalle kamar akuya ta ga wanka, ka kewaye, ka nufi ƙofa kana tafa wa kanka."

Nan ne ni ma raina ya ɓaci da gaske.

"Katunan wa? Faɗi mana! Na 'yata ne!"

'Yar tawa a ajinta take. Shiru-shiru muke ce mata, don in ta yi magana sau biyu a yini har maƙwabta sai sun zo barka.

"So kike in tsoma ƙafa, aji ya fashe da dariya, a ce 'yar mai fanka ba ta iya ƙirga tayil ba? Yarinyar da sai an yi da gaske take ɗaga kai? Ta yi kuskure, na rufa mata asiri. In inji ba ya yin haka, to uba yana yi. Ke ce ma ya kamata ki ji kunya, kina kallo jininki zai sha dariya kika yi shiru!"

Ta dube ni tun daga hula har silifa, ta girgiza kai a hankali.

"Kuskure. Wayyo gwaggo, me kika haifa mana? Jiya bayan an tashi, yarinyar nan ta ƙi tafiya gida. Ta bi tayil ɗin nan da yatsa, ta jera kati, ta rushe, ta sake jerawa. Ba ƙofa take nema ba, Tulu. Bokitin take nema. Duk ajin babu wanda katunansa suka tafi daidai inda ya nufa sai ita."

"Bokitin?"

"Tsakiyarsa. Har ta tambaye ni da wace ƙafa kake fara tafiya, don tana so ta dama ce ta shiga."

"Ni? Ubanta? Ni da nake saya mata alawa a ɓoye?"

"Kai da kake zama a bakin shagon nan kana gaya wa duk wanda ya wuce cewa ta ɗauko kan gidan kawu, ko yatsunta ba ta iya ƙirgawa. Kana zaton ba ta ji?"

"Wannan ai ke nake zagi!"

"To ta kanta kake bi kafin ka iso ni. Da ka kewaye, ba ta ce inji ya yi gardama ba. Cewa ta yi lissafinta ne ba daidai ba. Ta koma lungu tana sake ƙirgawa, hawaye yana ɗiga a kan kwali. Ka rufa mata asiri, sannu da ƙoƙari."

Na zauna a kan wata fanka, ta lanƙwashe. Wallahi ban san wanda zan fara yi wa faɗa ba.

"Makirci ne! Kuma jinin gidanku ne, don mu ba mu san shi ba. A zauna a shirya wa mutum wanka da ruwan datti, a tambayi har ƙafar da zai fara!" Na gyara zama a kan fankar. "Kika ce ita kaɗai ta yi daidai?"

"Ita kaɗai."

"Har da ɗan mai kantin magani, mai gilashin nan?"

"Shi bango ya kai ka."

"To makircin naku ne, amma lissafin nawa ne. Wannan kan ba a gidan kawu aka samo shi ba."

"Ka ji shi! Gobe so nake ta miƙe a gaban shugaba, ta faɗi da bakinta inda inji zai ƙare tun bai taka ba. In ya ƙare a can, matar nan ta ga abin da nake koyarwa. In kuma injin ya sake yin hankali, shi ke nan, ni da ita mun tashi a banza."

"Ina da sharaɗi. Ruwan ɗumi."

"Inji ba ya zaɓen ruwa."

"To mai tsabta."

"Wanda aka goge aji da shi."

"A ce mini don Allah."

"Babu katinsa."

"Allah ya isa tsakanina da gidan kawu!" Na leƙa waje na ƙwala wa tela maƙwabcina kira. "Kai tela! Gobe ka rufe shago ka zo makaranta! 'Yata za ta jefa ni a bokiti, da lissafi, ba kuskure ko ɗaya! Ka zo da naka yaran su ga yadda ake karatu!"

Sai a lokacin dariya ta ƙwace mata, har tana riƙe ciki tana buga teburina, kusoshi suna tsalle. Ta buɗe jaka ta zaro wata baƙar leda ta miƙo mini.

"Ungo, kyauta daga uwargijiyarka. Ka ɗaura a ƙafar dama."

"Guda ɗaya? Rowar gidanku har a leda? Ta hagun fa?"

"Hagu ba za ta jiƙe ba," ta ce, tana gyara mayafi. "'Yarka ce ta yi lissafin."