Allon da Na Rubuta da Sunan Baba

Har in mutu ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na ga gardi, dogarin hukuma, ya tsaya ƙofar gidanmu a Ƙwanni, yana kallon allon da na kafa bakin hanya.

Baba tela ne. Bayan rasuwarsa Inna ta hau kekensa tana ɗinki cikin ɗaki, don tana takaba, ba ta fita. Ni kuwa, mai takardar lakwal, wato makarantar boko (kaina ya fi tulu girma a lokacin), na sayo fenti na rubuta allo da Faransanci don a san ana ɗinki. Da na zo wurin suna, hannuna ya ƙi rubuta na kowa sai na Baba.

Gardin ya ce, "Ba a kafa allo bakin hanya sai da izini. Mai wanga suna ya taho buro gobe, in ba haka ba a ɗauke keke."

Keken nan shi ne tuwonmu. Ban gaya wa Inna ba.

Washegari na tafi buron, wato ofishin hukuma, da jawabina na Faransanci, na haddace shi tsaf. Buron cike da mutane. Wani dattijon ma'aikaci, irin waɗanda muke kira mushe, ya ɗago kai ya ce, "Ina mai allon?"

Jawabi ya gudu. Na tsorata kada a ce mamaci ba ya riƙe izini, sai na ji bakina ya ce, "Ya tafi Malbaza."

"Malbaza? Yaushe zai komo?"

"Jibi."

Ya cire tabarau, ya daɗe yana dubana. "Ɗiyata, ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa."

Ban san lokacin da na zube ƙasa ba, ina kuka har da majina, kukan da na hana kaina ranar jana'iza wai ni babba ce. Wata mai fura ta goge mini fuska da bakin zanenta.

Sai gab da azahar mushen ya kira ni. "Tumɓuke allon daga hanya, ki manna shi jikin bangonku. Ba mai taɓa keken. Sunan kuma ki bar shi."

Abin da na koya dai: in za ki yi wa hukuma ƙarya a Ƙwanni, fara tambaya wa da wa suka je jana'iza.